Ƙwayar da Ba Ta Mantuwa

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe goma na safiyar Asabar ɗin da aka ɗaura auren 'yata Hadiza ba. A ƙofar gidanmu ne a Agege. Akwai liman, akwai aminina Malam Idi tela, akwai dangin ango cike da rumfa, ciki har da wansa, Alhaji Sani na Sabo Yaba, wanda ya zo da sabuwar amfilifaya, na'urar ƙara murya, don a ji huɗuba.

A nan raina ya fara ɓaci. Ni mai gyaran rediyo da lasifika ne, duk masallacin unguwar nan hannuna ya taɓa na'urarsa. Amma a bikin 'yata aka ture tawa gefe. (Gaskiya tawa tana ɗan tari, amma wa ba ya tari?)

Na ce ni zan haɗa. Aikina kuwa da tsari yake. Na farko, a murɗa makunnin murya hagu har ya tsaya. Na biyu, a kunna. Na uku, a ƙara a hankali.

Na murɗa hagu, bai tsaya ba. Na sake murɗawa, yana ta juyawa kamar tayar okada. Na ce a raina ko ya lalace, ai dai ya kai ƙasa. Na kunna, na ɗauki makirfo, na karkata wajen Malam Idi na yi ƙasa da murya:

"Ka ga surukan namu? Babbar riga har ƙasa, amma kayan bola suka kwaso mana."

Jama'a, har masu jiran motar danfo a bakin titi sun ji. Liman ya tsaya da goro a hannu. Daga cikin gida na ji matata ta ce, "Innalillahi!" Malam Idi kuwa ya matsa kamar bai taɓa sanina ba.

Na ce shi ke nan, na rusa auren 'yata.

Alhaji Sani ya taso, ya karɓi sukurdirebana, ya buɗe murfin na'urar.

"Baba, ina bolum ɗin da ka sani a bayan makunnin murya, mai ƙafa uku?"

Na duba, babu. Sai ya nuna mini wata baƙar aba, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba.

"Ita ke riƙe da murya. Makunnin nan saƙo kawai yake aika mata, kuma in babu wuta ba ta jin sa. Inda aka bar ta jiya, nan take tashi. Jiya kuwa abokan ango sun ƙure ta."

Na tsuguna ina kallo, har na manta da kunyata. Abin da na yi shekaru ina fesa wa mai, ina kankare masa tsatsa, ga shi an zuba shi cikin ƙwaya, ba ta juyi, ba ta cinyewa, kuma tana tuna jiya! Na ce, "Allah mai iko."

"Kayan bolar?" in ji Alhaji.

Rumfa ta fashe da dariya, liman ya buɗe addu'a, aka ɗaura aure.

Tun ranar na ƙara wa tsarina mataki: kafin komai, a rufe baki. Kai kuma mai karatu, in ka biyo ta Agege kana neman shagona, don Allah ka ce wajen mai gyaran rediyo. Kada ka bi yaran unguwa ka ce wajen Baba Kayan Bola.