Tattakin da Ya Ƙara Mini Tumbi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da sikelin asibiti ya tona mini asiri a gaban matata. Wallahi har yau in na ga sikeli, ko na masu hatsi ne a Babbar Kasuwa, sai na kau da kai.

Abin ya samo asali ne ranar da likita ya auna jinina ya ce suga ya fara hawa. Ya dubi cikina, ya dube ni, ya ce, "Malam, tumbin nan sai ya ragu. Na ba ka wata uku. In ka dawo bai sauka ba, magani zan ɗora ka a kai, kuma ba na kwana biyu ba ne." Ya ce abu biyu zan haɗa, rage ci da motsa jiki. Ni kuwa kunnena na biyun kawai ya kama. (Mutumin da ya shekara ashirin yana koyar da lissafi a sakandare, amma ya kasa haɗa ɗaya da ɗaya.)

Matata, Hajiya Binta, ita ta riƙe na farkon hannu bibbiyu. Washegari gwangwanin suga ya ɓace daga kicin, mai ya ragu a miya, tuwon dare ya koma 'yar malmala ɗaya. Kuma ta rantse ba za ta zauna tana cin daɗi ina kallonta ba, abin da na ci shi za ta ci. Matar da ba ta wasa da shayi mai kauri, sai ga ta tana kurɓar ruwan bunu ba suga, tana yamutsa fuska, tana cewa ai da daɗi.

Ni kuma na sayi farin kambas da wando irin na 'yan ƙwallo. Kullum bayan sallar Asuba sai in fito daga gidanmu a Ƙofar Kwaya in taka har Ƙofar Kaura, ina wurga hannuwa ina huci, duk wanda ya gan ni ya san da gaske nake.

To amma ka san garinmu Katsina, ba a wuce mutum sai an gaisa. Ni kuwa rabin unguwannin nan na koyar da 'ya'yansu. "Malam, ina kwana? An tashi lafiya? Ya iyali? Ya gajiya? Ya ɗalibai?" Kafin ka gama amsawa an jawo maka benci. A bakin hanyar akwai rumfar wata dattijuwa, Inna Hure mai waina, wadda 'ya'yanta uku suka bi ta ajina. Ranar farko ta ɗaga murya ta ce, "Haba Malam, ka wuce ni haka? Bismillah mana!" Na ce, "Inna, motsa jiki nake yi." Ta ce, "Ai shi ya sa. Da mi za ka motsa shi in ba ka ci ba?"

Dattijuwa ta yi maka bismillah ka ƙi? Ai ba tarbiyya. Na ci biyu don girmamawa. Washegari na ci huɗu, shi ma don girmamawa. Kafin mako biyu ina da kwanona na musamman, ga miyar taushe, ga ƙuli, ga kunun gyaɗa mai zafi. Ina ci ina gaya wa kaina ai na riga na ƙona shi a hanya.

Ga kuma wadda ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. In na ƙoshi, ƙafa ba ta ɗaukata. Sai in tare ɗan acaɓa ya kawo ni bakin layinmu, in sauka, in ƙarasa gida da ɗan gudu ina haki. Hajiya ta tarbe ni da "Sannu Malam, Allah ya ba da lafiya," ta ajiye mini kwaɗon zogale. In ɗan tsakura in ture, in ce ni yanzu cikina ya ƙanƙance. Ita kuwa baki har kunne, har waya take yi wa ƙannenta tana yabon ƙoƙarina.

Da wata uku suka cika ta ce da ita za a je, ta ga sakamako da idonta. Wata matashiyar nas ta ce in hau sikeli. Na hau. Ta duba katina, ta duba sikelin, ta ce in cire takalmi. Na cire. Na fitar da waya da makullai. (Har hula na cire, kamar ita ce matsalar.) Duk da haka na ƙaru da kilo huɗu.

Hajiya ta ce, "A'a, wannan sikelin ya lalace." Ta hau da kanta don ta ƙaryata shi, ai ta san nauyinta. Sai ga shi ta ragu da kilo shida. 

Likita ya ce, "Malam, wace hanya kake bi in ka fita?" Ina fara kwatance sai nas ɗin ta tafa hannu.

"Lah! Baba, ai kai ne mai farin kambas na rumfar Inna Hure! Gidanmu yana kallon rumfar. Kullum sai na ji Inna tana cewa a ware takwas ɗin Malam, a cika ƙuli. Shi ya sa nake ta kallonka, ban gane ka ba da babbar riga."

Ba da mugunta ta faɗa ba, murnar ganin ɗan sani take yi. Har ta ƙara da cewa masu acaɓan wurin ma duk sun san ni. Innalillahi! Na tsaya ba takalmi ba hula, gumi yana bin wuyana, gumin gaskiya na farko da na yi a wata uku. Likita ya sunkuyar da kai yana rubutu, kafaɗunsa suna rawa.

Na zaci Hajiya za ta yi faɗa, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Muka fito harabar asibitin. Ta gyara mayafinta, wanda sai a lokacin na lura yana neman yi mata yawa, ta ce, "Malam, ba wainar ce ta ɓata mini rai ba. Wata uku ina jin yunwa, ina cewa tare muke ji. Ashe ni kaɗai ce."



Na dai koyi cewa tafiyar safe ba ta fitar da abin da baki ya shigar, kuma duk mai shirin yi wa likita wayo a Katsina, ya fara binciken unguwar da nas ɗinsa take. Maganin kuwa an ɗora ni a kai. Kullum da safe Hajiya ce ke miƙo mini ƙwayar da kofin ruwa, ba ta taɓa sake tayar da maganar ba, ni kuma ƙasa nake kallo in na zo haɗiyewa.