Rasuwar Kwamfutar da ke Lissafin Abin da Ya Fi Haske Gudu

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da har yanzu bai sami mai taya shi ba, malamin kimiyya na ofishin ƙarshen baranda yana sanar da abokan aiki rasuwar kwamfutarsa, Dattijuwa, jiya da hantsi, tana tsakiyar aiki.

Marigayiyar ta ƙarar da rayuwarta kan tambaya guda: a ce akwai ƙwayoyin zarra da suka fi haske gudu, aka tara su kamar iska a tulu, aka ɗumama su, za su zauna lafiya ko za su tarwatse? Ba wanda ya taɓa ganin ƙwayoyin nan, amma a kansu Malam ya yi furfura, ƙarin girma ya yi ta wuce shi.

Ita kuwa mai binciken saurin, sai an kunna ta an sha shayi an dawo kafin ta buɗe ido. Ba ta da musu. In lissafi ya yi mata tsauri sai ta yi "wuuu", ta yi "ƙit-ƙit", ta sandare. Malam yakan kira wannan zurfin tunani.

Zafi ne ajalinta, fannin da ta fi ƙwarewa a kai. Tun bara fankar cikinta ta tsaya, mai gyara ya ce a canza, Malam ya ce, "Bari ta gama tukuna, saura ƙiris." Aka ɗora ta kan bulo, ana yi mata fifita da kwali. Jiya Malam ya kira shugaban sashe ya zo ya ga sakamako. Shigowarsa ke nan ta yi "fat", hayaki ya tashi. Shugaba ya toshe hanci ya ce, "To Malam, ai ta ba da amsa. Ba sa zama lafiya." Da aka tambayi kwafin aikin, Malam ya ce bai taɓa zarginta ba balle ya ajiye.

Ta rasu ta bar linzamin kwamfuta mai ɗingishi, da matar Malam, wadda da jin labari ta ce, "Ashe yau da mu Malam zai ci abincin rana," da ɗaliba guda mai neman digirin digirgir, wadda babinta na ƙarshe ya bi marigayiyar.

Za a kai ta makwancinta gobe da rana a ɗakin tarkace, gefen tsohon injin kwafi. Zaman makoki a ofishin Malam, kowa ya zo da kujerarsa, kada kuma a tambayi amfanin binciken. An yi wa ɗalibar uzuri, don ta aiko cewa in ta zo, gawa biyu za a ɗauka.