Ranar da Jakada Ya Sa Aka Kwance Awaki

Ba zan taɓa mantawa da kakar nan ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran tunani. Shekaru kaɗan ne kafin Nasara su shigo Damagaram, kuɗi wuri ne, ni kuma saurayi ne mai ƙwayar gemu da kai cike da labarai. Tun yanzu in faɗa muku: na yi wauta, na yarda. Amma mutanen garinmu sun ci amanata, kuma har gobe ban huce ba.

Ƙauyenmu yana gabas da Bande. Tun rasuwar mahaifina ni da Inna kaɗai muke zaune can ƙarshen gari, ɗakin kara biyu, rumbu ɗaya, da darnin da ya sunkuya kamar tsoho mai ciwon baya. Noma nake yi, amma inda zuciyata take shi ne zangon fatake ranar kasuwa, inda nake buɗe baki ina sauraron labaran ƴaƴan sarakuna masu ƙetare dazuzzuka saboda murmushin mace ɗaya. A duk labaran nan ban taɓa jin an tambayi saurayi dami nawa ya noma ba.

A kasuwar Bande na ga Tasalla, wata ƙaramar bazawara daga Sassumbrum mai sayar da man gyaɗa. Idan ta ɗaga ludayi tana tsiyayar mai, ni gani nake kamar farin wata ne ke zubo haskensa cikin ƙwarya. Idan ta yi dariya kuwa, kasuwar gaba ɗaya takan yi mini shiru. (Na sayi man da har Inna ta fara tambaya ko wanka nake yi da shi.) Bayan an ɗebe amfanin gona, wata rana ta dube ni ta ce, "Gwaggona za ta zo ganin gidanku ranar Laraba. Abin da ta ce, shi ke nan."

Na dawo na tsaya ƙofar gida, na dube shi da idon baƙo, sai gabana ya faɗi. Inna kuma ta tafi Kwaya wajen ƙanwarta da ta haihu, babu mai tsawata mini. Na nufi gidan maƙwabcinmu Baba Tanko, mutumin da ko garwashi ka je ɗiba sai ya ƙirga, ina inda-inda na ce ya ara mini akuya ɗaya in ɗaure, don kada turken gidanmu ya ba ni kunya.

"Ɗaya?" in ji shi. "Haba ɗan nan. Kwashe su duka, har da ragon. Ga riga ma, ka ajiye a wajenka."

Kafin yamma gari ya ɗauka. Iya Hajjo, tsohuwar da ke saƙar zana, ta aiko da sababbin zanaye da tabarmi. Ƙanen mai gari ya turo dammunan gero har rumbunmu ya cika ya yi saura. Wani ya kawo jaki, wata ta kawo akusa da ƙorai masu zane. Na zauna tsakar gida na yi hawaye. Na ce ashe haka ake ƙaunata, ashe gari guda zai iya tsaya wa soyayyar maraya, kamar yadda fatake ke faɗi.

Abin da ban sani ba (ko in ce, abin da sankira ya yi shela ina can zango baki buɗe) shi ne jakadan Sarki yana tafe daga Dungas yankan kuɗin ƙasa, kuma ranar Laraba zai iso. Shi jakada ba ya tambayar kowa abin da ya mallaka, gida yake karantawa. Ya dubi darni, sabo ne ko tsoho. Ya ƙirga ɗakuna. Ya ƙwanƙwasa rumbu da sanda ya saurari amonsa. Ya ƙirga turaku, ya tona kashin da ke gindinsu ya ga ɗanye ne ko busasshe. Da wannan yake yanka wa kowane gida rabonsa. Saboda haka duk shekara, da an ji ƙishin-ƙishin ɗinsa, kowa sai ya tsufar da gidansa: a sauke sabon zana a mayar da ruɓaɓɓe, a share turke, a sa tsumma. Gidanmu kuwa bai taɓa shiga ba. Daga kan doki yake hangen darnin nan namu, ya ce "gidan marayu," ya wuce. Shi ya sa ban taɓa damuwa da zuwansa ba, shi ya sa kuma maƙwabta suka ga babu maɓoya irin tamu a faɗin garin. Kuma a cikinsu babu mai tsoron Allah ko ɗaya da ya ja ni gefe ya faɗa mini.

Ranar Laraba tun da sassafe na tashi aiki. Na tuge tsohon darni, na kafa zanayen Iya Hajjo, rawaya shar. Na yi rumfa a ƙofa. Na ɗaure awaki a gaba inda mai wucewa zai gani, na jera ragowar dammuna kamar ganuwa, na yayyafa ruwa, na zura rigar Baba Tanko. Da mai rigar ya fito ya hango, sai da goron bakinsa ya faɗi.

"Kai, mene ne wannan?"

"Baba, ai albarkacinku ne," na ce, ina murmushi.

Sai ga Gwaggon Tasalla ta sauko daga jaki, dattijuwa mai ƙaramin jiki da ido kamar na shaho. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo fura a ƙwarya mai zane. Ta dubi awaki, ta dubi dammuna, ta ce, "Ma sha Allah." A raina har na fara zaɓen sunan ɗanmu na fari.

Bayan azahar muka ji kofato. Jakada ne, wani siririn dattijo, da yaransa, mai gari na biye da shi cikin rigar da ko mahaukaci zai raina. Ya zo zai wuce kamar kullum, sai ya ja linzami.

"Bara ban ga gida a nan ba."

"Gidan marayan nan ne, ranka ya daɗe," in ji mai gari.

"Lalle maraici ya karɓe shi."

Ya sauko. Ya shafa zana. Ya buga rumbu da sanda, rumbu ya amsa da nauyi. Ya bi turaku ɗaya bayan ɗaya yana motsa leɓe. Sannan ya juyo gare ni.

"Samari, duk wannan naka ne?"

Ta kafofin zana ina ganin idanun maƙwabta. Gwaggo kuma ta tsai da ludayi tsakanin ƙwarya da baki. Sai a lokacin na gane abin da aka yi da ni. In na ce na aro ne, Tasalla ta tafi. In na ce nawa ne, ko ni aka sayar ba zan biya ba. Na tambayi kaina, ɗan sarkin cikin labari me zai ce? Na turo ƙirji cikin rigar mutane.

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Allah ne ya buɗa."

Ya yanka mini rabon da ya fi na mai gari. Ni kuma (Allah ya isa tsakanina da fatake) na ce, "Ba komai."

Jakada ya dubi idanun da ke leƙe ta kafofin zana. Sai ya ce da yaransa, "Rana ta karkata. Ku kwance awakin nan, ku bi bayansu."

Akuya ba ta san rufin asiri ba. Ana sakinsu suka fita a guje, kowace ta nufi gidan da take cin dusa. Ragon ya shige gidan Baba Tanko kai tsaye kamar an aike shi. Jakin ma ya yi kuka ya bi sahu. Jakada ya ɗaga murya don na bayan zana su ji.

"Abin da ya rage, tun da na saurayin nan ne, a ciki zan ɗebi rabon Sarki yanzu."

Ban taɓa ganin tsofaffi da gudu irin na ranar ba. Masu dami suka kwashi dami. Aka haye rumbu. Iya Hajjo ta hau tuge zanayenta, ta dawo ta kama bakin tabarma ta ce da Gwaggo, "Baiwar Allah, ɗan ɗaga." Mai ƙwarya ta tsaya kan baƙuwata tana jira ta shanye. Kafin in ankara gida ya koma fili, ana hango ni daga kowace kusurwa ta gari. Sannan Baba Tanko ya tako gabana.

"Cire mini rigata."

"Baba, a gaban baƙuwa?"

"Ni da ka tona mini asiri a gaban jakada fa?"

Na cire. Na tsaya daga ni sai wandon noma mai faci a gwiwa, haƙarƙarina a waje ana iya ƙirgawa, ga jakada yana dariya har da riƙe sirdi.

Abin da ke ƙona mini rai har yau, ni aka zaga. Ni da aka mayar rumbun ɓoyo ba da sanina ba, ni ne wai na jawo wa gari tsadar haraji. Wata guda ba mai amsa gaisuwata. Shi ma jakada bai bar ni haka ba. Ya rage abin da ya yanka, amma ya ce wanda ya iya ce wa haraji "ba komai" ya isa biya, daga shekarar gidanmu ya fita daga gidan marayu. Da Inna ta dawo ta tarar ba darni, ga haraji, abin da ta ce mini ba na maimaitawa ba ne.

Gwaggo dai ta miƙa ƙwarya ga mai ita, ta ce, "Ka gai da Innarka," ta hau jakinta.

Kasuwa ta zagayo, na je gaban Tasalla da jawabin da na kwana biyu ina shiryawa, na yadda ƙauna ke sa mutum ya manta kansa. Ba ta bari na kai rabi ba.

"Malam, ai tun farko na faɗa wa Gwaggo ba ka da komai. Wanda ke sayen mai rabin ludayi, wa zai ruɗa? Jarina ya ishe mu mu biyu. Cewa na yi ta dubo mini ko kana da hankali."

"To, me ta ce?"

"Ta ce furar gidanku da daɗi." Ta ɗauki ludayi. "Na nawa za a zuba?"

Kafin damina, Tasalla ta auri wani mutumin Kwaya. An ce mini bai iya magana mai daɗi ba ko kaɗan.

Baba Tanko ya rasu bai ba ni haƙuri ba. Na je jana'izarsa, amma a sahun baya na tsaya. Tun daga kakar nan, duk ranar da na ga mutane sun wayi gari da ƙaunata haka kawai, ba na saurin hawaye. Sai na fara leƙa hanya na ga wa ke tafe.