Motar da Aka Toshe wa Kunne

Duk wanda bai ga Mai Dogon Eriya ba, bai ga ilimi yana tafiya da ƙafa biyu ba. Shi ne shugaban sashen sadarwa a kamfanin motocin nan masu tuƙa kansu. Ma'aikata ne suka laƙaba masa sunan, don ya ce yana kamo tunanin mota tun kafin ta yi shi. Allah ya ba shi baki na magana, ya kuma ba shi kunnuwa biyu na rataye tabarau.

Aikin sashensa shi ne motoci su riƙa magana da juna ta iska: ta gaba ta ga rami, ta gaya wa ta baya. Sai dai hirar nan tana shan batir. Mai kamfanin ya ce duk wanda ya rage shan wutar, kujerar babban darakta tasa ce. A ranar mutuminmu ya sayo sabuwar kwat.

Ya tara injiniyoyi, ya gyara murya. "Na gano inda wutar ke zurarewa. Sauraro! Mota ta buɗe kunne tana jin surutun kowace akwala, ina batir zai kai? Ni shekara ashirin ban saurari kowa ba. Kun taɓa ganin na gaji?"

Gaskiya ba wanda ya taɓa gani.

Wata injiniya, wadda ta shekara biyu tana koya wa motoci su taƙaita magana, su saurari juna bi da bi, ta ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, in aka yi mata gargaɗi fa?"

"Zauna, 'yata. Babba ake saurara, ba shi ke sauraro ba." Nan take ya sa aka kashe na'urar karɓar saƙo a motarsa, aka bar mata ta aikawa.

Ranar gwaji aka jera motoci shida. Biyar na injiniyar suna baya, tasa tana gaba, shi da mai kamfanin sun kame a ciki. Ashe da safe magina sun zuba ɗanyen siminti a bayan wata kwanar hanya, sumul kamar titi. Wata sandar sadarwa da ke bakin hanya ta yi ta aika gargaɗi. Motoci biyar suka ji, suka tsaya cak. Ta shida kuwa tana ta shelar "Ku ba ni hanya!" har ta nutse zuwa ƙofa.

Wani da sai kunya ta kashe shi. Banda gwanin. Ya nuna allon motar yana murmushi. "Duba batir, ranka ya daɗe! Kashi casa'in da takwas!"

Mai kamfanin ya tura ƙofa, ta ƙi buɗuwa. Ya fita ta taga, ya bar takalmi ɗaya a cikin siminti.

An ce wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. To, shi ko hohon bai ji ba. Injiniyar nan ta yi wata uku a kan kujerar darakta, kuma sau uku ana gaya masa baki da baki. Har yau kullum da kwat ɗinsa yake zuwa ofis, yana jiran a sanar da wanda ya samu.