Na'urar da Ba Ta Farkawa Sai Mai Girma Ya Zo

Jiya na raka autata nema wa shafin intanet masauki, na dawo da ciwon gwiwa da ɓacin rai. Ni da na ɗauka wahalar neman haya a kanmu masu iyali ta ƙare, ashe shafi ma sai an kama masa ɗaki, kuma masu gidan sun fi namu jan aji.

Bari in yi muku bayani yadda ta yi mini, don ni ma da ƙyar na gane. Yarinyar nan ta gina wa wani ƙaramin asibiti shafin masu ba da jini. Mace na kan gwiwa jini ya ɓalle, sai a danna, a ga wa ke kusa mai irin jininta. Sunayen mutanen suna zaune ne a abin da ake kira rumbun bayanai, shi kuma iri-iri ne, kuma wanda ta yi aiki da shi ba kowane kamfani ke karɓa ba. Na farko ya ce bai san shi ba. Na biyu ya ce ta rushe komai ta sake da nasu. Ta samu na uku da ya dace ke nan, sai likitan asibitin ya kira ta, murya a sanyaye. Wai daga sama an ce duk asibitin da ke karɓar tallafi, a cibiyar da manya suka gina zai ajiye shafinsa. In ba ta kai shi can ba, a nemi wani ya karɓi aikin.

To, muka je. Kai jama'a, gini! Tayil kamar ka lasa, hoton Mai Girma Uban Ci Gaba ya cinye bango guda, da almakashi a hannu. Aka shigar da mu wurin Yallaɓai Darakta, yana fifita da jarida.

"Yallaɓai, na'urarku tana ɗaukar irin rumbun da na yi aiki da shi?" in ji autata.

"Haba 'yata! Tana ɗaukar kowane iri, har wanda ba a ƙirƙiro ba tukuna."

Ta roƙi a gwada. Ya dubi mataimakinsa, mataimakin ya dubi silin. Da ta nace, aka buɗe mana ɗakin na'urar. Ga ta nan tsaf, an lulluɓe ta da leda, shiru kamar mataccen firji. Na tambaya ko lalacewa ta yi. Ran Darakta ya ɓaci. Lafiyarta lau, in ji shi, tattali ake yi, man janareta na baƙi ne. Ranar da manya za su kawo ziyara sai a yaye ledar, a tayar da inji, fitilu su yi ta walwali, a ɗauki hoto. Suna fita get a kashe.

"To idan mace ta fara zubar da jini ranar da babu ziyara fa?" in ji yarinyar.

"Tambaya mai kyau. Za mu kafa mata kwamiti."

Wallahi na ji kunya. Yarinya ta yi wata da watanni tana fama, ga idonta ya ciko da ƙwalla, ni kuwa ubanta ba abin da na iya sai gyara zaman hula.

Da na ba maƙwabcina mai gyaran babur labari, cewa ya yi ni ne marar godiya. "Malam, a da fa na'urar ma babu. Yanzu akwai ta, aiki ne kawai ba ta yi. Wannan ba ci gaba ba ne?" Gaskiyarsa. Allah ya saka wa manyanmu. A ina aka taɓa adana kayan jama'a haka, shekara da shekaru ko ƙwarzane babu?

Autata dai ta kai shafin can, don ba ta da yadda za ta yi. Yanzu yana buɗewa ne kawai in manya suna cikin ginin.

Abin da ban gaya wa Yallaɓai ba, yayar autata ta shiga watan haihuwa, jininta kuma irin mai wuyar samun nan ne. Tun safe nake zaune bakin titi ina kasa kunne ko zan ji jiniya. Tunda nake, ban taɓa ɗokin zuwan Mai Girma irin na makon nan ba.