Yunwar Akawu a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta damina ba, a shekarar da soja suka koma bariki, ranar da cikina ya tona mini asiri a gaban mutumin da nake neman auren 'yarsa. Har yau in na ji ƙamshin miyar taushe sai kunya ta lulluɓe ni.

Lokacin ina aiki a wata masaƙa a Kakuri. A katin aikina an rubuta “mataimakin akawun sito”, kuma da wannan sunan nake taƙama a gari, har da biro biyu a aljihun gaba. Gaskiyar magana kuwa, akawun ne ke zaune yana rubutu, ni kuma ina ɗaukar dilar atamfa daga sito zuwa mota tun safe har a tashi. (Birukan nan ma ɗaya ba ya rubutu.) Zulai, yarinyar da nake nema a Unguwar Sanusi, a ganina, a akawu ta san ni. Haka ta gaya wa mahaifiyarta Hajiya, haka aka gaya wa mahaifinta Alhaji, babban dillalin hatsi. Ni kuma ban gyara ba.

Zulai ce ta jefa ni cikin ɗaga ƙarfe. Wata rana muna zance a ƙofar gidansu hadari ya taso, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Malam, riƙe ƙyauren nan da kyau, kada iska ta kai ka har unguwar Kawo.” Ta yi dariyarta ta shige gida. Ni ban yi dariya ba. Washegari na nemi Bitrus, abokin aikina ɗan Kagoro, wanda ke da wurin ɗaga ƙarfe a bayan wani gareji a Makera. Kayan aikin nasa sandunan ƙarfe ne da aka daskarar wa siminti cikin gwangwanayen fenti a kowane gefe.

Na ce masa ƙirji nake so, ban da tumbi, don tumbi a lokacin ya zama na sababbin 'yan siyasa. Sai ya ɗauko wata tsohuwar mujallar Turawa ya nuna mini jadawali. Wai kowane abinci yana da awon ƙarfin da yake ba jiki, sunansa kalori, kuma kowane mutum yana da adadin da in ya ci kullum ba zai rame ba, ba zai yi ƙiba ba. Layi uku ne a jadawalin: na mai zaman ofis, na mai ɗan kai-komo, da na mai aikin ƙarfi.

“Wanne ne naka?” in ji Bitrus.

Na ɗora yatsa a kan layin farko.

Ya dube ni, ya dubi kafaɗar rigata da dila ta cinye, ya ce, “Oga akawu, ka tabbata? Hunger no sabi ofis fa, yunwa ba ta san ofis ba.”

Na ce masa ya riƙe shawararsa. Na kwafe lambar masu zaman ofis a takarda, na ninke na sa a aljihu kusa da birukana.

Daga nan na shiga awo. Da safe koko kofi ɗaya da ƙosai uku, da rana malmala ɗaya, da yamma ɗan wake a gindin kwano. A haka nake takowa a ƙasa daga unguwar Television zuwa Kakuri, in yini ƙarƙashin dila, in ƙarasa ƙarƙashin simintin Bitrus.

Yunwar da ta same ni ba mai cizo ba ce. Mai laushi ce, takan riƙe hannuna ta tafi da ni wani wuri. Ina tsaye a masaƙa sai in ji ƙarar injuna ta yi nisa, burbushin audugar da ke yawo a iska ya fara taruwa yana zama tuwon shinkafa. In na ɗaga kai a hanya sai in ga gajimare sun jeru a saman kogi malmala-malmala, ana jiran miya kawai. In na kwanta ƙarƙashin sanda, gwangwanayen nan biyu sukan koma manyan waina masu tururi, ina tura su sama suna dawowa wajen bakina. (Har a sahun salla, Allah Ya yafe mini, na taɓa ziyartar wata rumfar tsire.) Duk lokacin da abin ya yi yawa sai in ciro takardata in duba. Takarda ta ce na ƙoshi, ni kuma in yarda da ita.

A sati na huɗu Zulai ta ce Alhaji yana son ganina ranar Asabar bayan la'asar. Na sha guga, na ɗauki Bitrus ya raka ni a kan babur ɗinsa. Ran nan koko kawai na sha, don ina son riga ta kwanta a jikina.

Aka sauke mu a ɗakin baƙi, aka ce Alhaji yana hanya tare da 'yan'uwansa uku. Sai ga Hajiya da kanta, ta jera manyan langa a gefen tabarma, ta ce, “Bismilla, ku taɓa kafin su iso.” Kowane ɗan Bahaushe ya san amsar wannan. Mai neman aure ba ya cin abinci a gidan surukai, in an matsa masa ƙwarai ya kurɓi ruwa ya ajiye. Na sunkuyar da kai na ce, “Alhamdu lillahi, Hajiya, a ƙoshe muke.” Ta yi murmushin jin daɗi ta fita.

Sai ruwa ya kece. Bitrus ya tashi da gudu ya nemo wa babur ɗinsa mafaka, ya bar ni da langa.

Ruwa yana dukan kwanon rufi, ɗakin ya yi ɗumi, wani siririn tururi yana fita ta gefen murfi ɗaya da bai zauna daidai ba. Wallahi niyyata in gyara murfin ne. Da na ɗaga shi sai na ga gajimaren nan nawa na saman kogi, sun sauko sun kwanta a kwano. Na buɗe na biyu, miyar taushe ce, mai ya taso a kanta, ga zabi a ciki. Daga nan abin da na tuna kaɗan ne. Na ga kamar ina cikin kwalekwale, ruwan ɗumi yana tafiya da ni a hankali, babu dila, babu siminti, babu takarda. Ban taɓa jin daɗi irin wannan ba a rayuwata.

“Kai! Oga akawu!”

Muryar Bitrus ce ta dawo da ni. Yana tsaye a bakin ƙofa a jiƙe, bayansa Alhaji da dattawa uku. Ni kuwa ina durƙushe, hannun riga a naɗe, ƙashin zabo a bakina, abincin mutum shida ya zama tarihi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na laluba aljihu neman hankici, takardar ta faɗo gaban Alhaji.

Ya ɗauka ya juya ta, ya tambaya mene ne. Bitrus, Allah Ya saka masa, ya bayyana komai, har da layi uku, har da wanda na zaɓa.

Alhaji ya zauna. Ya leƙa langa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, “Yaro, miƙo hannunka.” Ya shafa kantar da ke tafina, ya danna kafaɗata. “Shekara talatin ina ciyar da masu ɗaukar buhu. Akawu ba ya cin abinci haka. Wannan cin ɗan dako ne.”

Na ce, “Haka ne, Baba. Dila nake ɗauka.” Hawaye na zuba, ga maiƙo a gemuna.

Sai ya janye wuyan rigarsa ya nuna mini wani baƙin tabo a kafaɗarsa. “Ni ma da buhu na fara, a tashar jirgin ƙasa. Gidan nan hatsi muke sayarwa, mai yunwa ba ya jin kunya a cikinsa. Amma ba na ba maƙaryaci 'yata. Je ka faɗa mata da bakinka. In ta yarda, turo manyanka.”

A soro na same ta. Na yi ta kame-kame har na kai ƙarshe. Ta rufe baki da gyale ta ce, “Wane akawu ne rigarsa ke yagewa a kafaɗa? Tun ranar farko na sani. Jira nake ka faɗa.”

Washegari na koma wurin Bitrus na ɗora yatsa a layi na uku, na kyautar da biron da ke rubutu. Ƙirjin ma sai bayan na fara ƙoshi ya fito. Abin da na koya shi ne, kowa kana iya gaya masa kai akawu ne, ban da cikinka, don shi yana nan lokacin da ake ɗora maka dila. Kuma in za ka gaida surukai, ka ci ka ƙoshi tun daga gida.

Yanzu 'ya'yanmu huɗu da Zulai. Amma har gobe in na je gaisuwa, langa biyu Hajiya take ajiye mini, ta ce, “Ga na akawu, ga na ɗan dako.” Ni kuma in sunkuyar da kai in ce a ƙoshe nake, gidan gaba ɗaya ya fashe da dariya.