Ranar da Mara Lafiya Ya Bar Min Gadonsa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da wata la'asar da na hau tudun unguwar Nakkasa ina ji da kaina, na sauko ina kallon yatsun ƙafata.

Lokacin ina digiri na uku a Makka, a fannin halayyar ɗan Adam. Bincikena a kan maza ne masu ciwon dajin mafitsara, wannan da ke kama mutum idan shekaru sun ja. Magani aikin likitoci ne, ni so nake in san halin da zuciyar mai ciwon take ciki. Idan malamaina suka tambaye ni dalilin zaɓar wannan, sai in zuba musu Larabci mai daɗin ji. Gaskiyar magana kuwa, ciwon ne ya ɗauke mahaifina a Katsina ina nan ina karatu. Shekara biyu yana fama, duk Juma'a ina kiransa, duk Juma'a amsarsa ɗaya: "Da sauƙi, alhamdulillahi. Kai dai yi karatunka." Na yi ta karatuna kuwa, har ranar da aka kira ni aka ce an dawo daga maƙabarta. Tun daga nan nake neman tsohon da zai faɗa min abin da nawa tsohon ya tafi da shi a cikinsa.

Na tsara takardar tambayoyi mai kyan gaske (har yau ina ganin kyanta, ban da kunya). Kowace tambaya mutum zai zaɓi lamba daga ɗaya zuwa biyar. Yaya barcinka? Yaya damuwarka? Na zaga unguwar Shisha, na zaga Aziziyya, na zauna da dattawanmu Hausawa goma sha ɗaya. Sun ba ni shayi, sun ba ni dabino, sun sa min albarka. Lamba ce dai babu wanda ya ba ni. Kowa ka tambaya sai ya ce alhamdulillahi. Na rasa akwatin da zan saka alhamdulillahi a ciki.

Wani direban tasi mai suna Faisal, haifaffen Makka, wanda Hausarsa rabi Larabci ce, shi ya ce in zo Nakkasa in ga mahaifinsa, Alhaji Mamman.

"Ya duktur, abuya ba ya ɓoye magana. Bas ka zo bayan la'asar."

(Ban zama dakta ba tukuna, amma ban gyara masa ba. Wannan ma ku rubuta a cikin laifuffukana.)

Na sami tsohon a kishingiɗe a kan gado, siriri, da farar hula, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani a samansa. Tun yana yaro ya zo ƙasar da iyayensa, ta Sudan, amma harshensa bai bar gida ba. Yana buɗe baki ya ce, "Zamna mana, ɗana. Mi ka zo da shi?" Katsinanci ne tsantsa, irin na Babana, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara magana. Ya kamata a nan in gane akwai matsala. Maimakon haka sai na gyara tabarau, na kunna rikoda.

"Baba, daga ɗaya zuwa biyar, yaya ciwon yake damunka?"

"Alhamdulillahi."

"Na'am, Baba. Amma lamba nawa?"

"Ita godiyar Allah lamba gare ta?"

Na tsallaka zuwa tambaya ta gaba, na kuma tsallakawa. Da na kai ta bakwai, wadda ke tambayar ko yana jin tsoro, sai ya yi ɗan tarin nan ya ce, "Da sauƙi. Kai dai yi aikinka."

Jama'a, ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da na yi shekaru ana koya min yadda ake zama shiru a saurari mutum, sai ga ni tsaye a kan dattijo mara lafiya, a cikin ɗakinsa, ina kaɗa masa takarda a fuska.

"Ba sauƙi, Baba! Wallahi ba sauƙi! Haka kuke yi, ku yi ta cewa da sauƙi har sai an kira mutum an ce an binne ku! Me zai rage ku in kun faɗa? Da na zo! Wallahi da na bar karatun na zo!"

Sai kuka. Ba irin hawayen nan na manya da ake sharewa da gefen hannu ba, kuka mai sauti, mai majina, irin wanda rabona da shi tun ina firamare. Ga hawan tudu, ga zafi, ga ban ci komai ba tun safe, sai ɗakin ya fara juya min. Tsohon ya lallaɓa ya sauko daga gadon, dama fitsari ya matsa masa kamar yadda ciwon yake yi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Kwanta nan kahin in dawo." Ni kuma, don rashin ta ido, na kwanta.

Ina kwance a gadon mara lafiya, takalmi ɗaya a ƙafa, fuska a jiƙe, sai Faisal ya ɗaga labule ya shigo da 'yan dubiya. Dattawan unguwa ne su biyar, ɗaya riƙe da ledar lemo. Biyu daga cikinsu na taɓa zama da su da takardata, na yi musu dogon jawabi a kan muhimmancin fitar da abin da ke cikin zuciya. Suka tsaya cirko-cirko. Faisal ya ce, "Esh hada? Me ya faru? Duktur, salamat!"

Daidai nan Alhaji Mamman ya dawo yana bin bango. Ya dube su, ya dube ni, ya samu kujerata ya zauna abinsa.

"Ku hwara da likita," in ji shi. "Ya hi ni jin jiki yau."

Kuma suka fara. Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi kashe ni ke nan. Ɗaya bayan ɗaya suka matso, kowa ya kama hannuna. Na farkon ya yi min addu'ar da ake yi wa mara lafiya har ƙarshenta, ya shafa min a goshi, sannan ya ce, "Sannu likita. Ya jikin?"

Na buɗe baki, da digirina biyu da rabi, na ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi."

Daga kan kujera na ji tsohon ya ce, "Lamba nawa ke nan?"

A nan ne ɗakin ya fashe. Mai ledar lemo har da zama a ƙasa yana riƙe ciki. Da gadon zai buɗe ya haɗiye ni, da na gode masa.

Bayan sun watse na tattara takarduna ina ba da haƙuri, ina neman ɗaya takalmin. Tsohon ya koma gadonsa ya nuna rikodar da haɓa. "Kashe wannan abin." Na kashe. Ya miƙo min ƙafafunsa ya ce ƙasusuwan suna masa ciwo, in matsa masa. Ban taɓa matsa wa Babana ƙafa ba, kunya da karatu ba su bar ni ba. Na durƙusa na fara, ya ce hannuna ba ƙwari, na 'yan boko ne, in ƙara ƙarfi.

Ina cikin matsawa ya yi magana yana kallon rufi. Ya ce shi ba mutuwa ce ke damunsa ba. Shekara sittin da wani abu yana salla a Harami, yanzu wata bakwai bai je ba, don alwala ba ta zama, kuma yana tsoron ya jiƙa tufafinsa a tsakiyar sahu. Ya ce yakan ji kiran salla daga nan, ya juya fuska bango. Faisal yana tsammanin gwiwa ce ta hana shi.

Hannuna ya tsaya. A shekararsa ta ƙarshe Babana ya daina zuwa masallacin ƙofar gidanmu, inda ya yi ladanci tun kafin a haife ni. Da na tambaya a waya, gwiwa aka ce min.

"Wa zai hwaɗa ma ɗansa wannan?" in ji tsohon. "Ci gaba da matsawa."

Na ci gaba. Wannan ita ce hira mafi daraja da na yi a duk aikina, kuma ko layi ɗaya nata bai shiga kundina ba. Yau ina koyarwa, na yi rubuce-rubuce a kan wannan ciwo, har ɗalibai suna ganin kamar an haife ni da natsuwa. Nakan ce musu, kafin ku je auna damuwar wani ku ci abinci, ku san nauyin taku, kuma kome ya faru kada ku kwanta a gadon da ba naku ba. Sukan yi dariya su rubuta. Abin da ba na iya faɗa a aji shi ne, wanda duk tsohonsa ke da rai, ya bar waya ya je gida ya matsa masa ƙafa.